Ina so in riƙa gane cewa mafarki nake yi tun ina cikinsa, ta ina zan fara?

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum jama'a. Kwanakin baya na yi mafarki ana bina da gudu, ina cikin haki sai wani tunani ya faɗo mini: ai wannan mafarki ne. Na tsaya cak, na waiga, babu kowa. Murna ta kama ni, nan take na farka. Abin bai sake faruwa ba, ga shi ya tsaya mini a rai. Na ji ana cewa ana koyonsa har mutum ya riƙa yi da gangan. Don Allah waɗanda suka sani, gaskiya ne? Ta ina sabon shiga zai fara? Kuma ba ya taɓa lafiya?

Ummu_Safiyya: Wa alaikumus salam. Kafin a cika ka da dabaru, amsa mini wannan: mafarkin da ka yi daren jiya, ka tuna shi?

Sabon_Hannu: Gaskiya Anti, a'a. Ni ban ma cika yin mafarki ba, sai jefi-jefi.

Ummu_Safiyya: Kana yi ƙanina, kowane dare kana yi, mantawa ce take cinye shi. Nan ne bakin zaren. Wanda ba ya tuna mafarkinsa, ko ya gane a ciki, gari na wayewa an wuce wurin. Ka samu littafi da biro ka ajiye inda hannunka zai kai ba sai ka tashi ba. Idan ka farka kada ka juya, kada ka yi miƙa, kada ka taɓa waya. Ka tsaya yadda ka tsinci kanka, ido a rufe, ka tambayi kanka: yanzun nan a ina nake? Wani lokaci guntu ne zai zo, wata ƙofa shuɗiya, ko fuskar wani, ko tsoro kawai ba ka san na mene ne ba. Ka riƙe guntun ka bi shi da baya-baya, sau da yawa sauran yakan biyo. Sai ka rubuta. Ranar da ba ka tuna komai ba, ka sa kwanan wata ka rubuta "ban tuna ba". In ka ɗan jima kana yi za ka ga wasu abubuwa suna ta dawowa. Ni nawa tsohon ajin makaranta ne, da matakalar bene da ba ta ƙarewa. Waɗannan su ne alamominka, kuma da su za ka gane watarana.

Mai_Tantama: Ku yi mini uzuri, ni fa ban yarda da wannan magana ba. Wa ya tabbatar mutum barci yake? Ƙila ya ɗan farka ne yana saƙe-saƙe, da safe ya ce ai a mafarki ne. Tunda kowa shi kaɗai yake ganin nasa, kowa zai iya faɗin abin da ya ga dama.

Dan_Nazari: Malam Mai_Tantama, tambayarka ita ce ta hana masana karɓar batun shekara da shekaru. Labarinsa tsoho ne, Aristotle, masanin falsafar Girka na zamanin da, ma ya ambaci cewa wani lokaci mai barci yakan ji wani abu a ransa yana gaya masa mafarki ne, kuma wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kai a 1913. Amma duk wannan faɗa ce ta baki. Hujjar ta zo ne ta hanyar ido.

A 1953 wasu masana biyu, Aserinsky da Kleitman, a jami'ar Shikago suka gano wani mataki na barci da ido yake ta motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, kuma idan aka tashi mutum a lokacin yawanci zai ce mafarki yake yi. A wannan matakin ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin gaɓoɓi, shi ya sa kake gudu a mafarki amma jikinka yana kwance. Ido da numfashi ne ba ta ɗaure ba. Sai Keith Hearne a jami'ar Hull ta Ingila ya yi dabara a 1975: ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa idan ya gane yana mafarki, ya kai idonsa hagu da dama, hagu da dama. Na'ura tana nuna mutumin yana cikin barci sosai, sai ga alamar ta fito a takarda yadda aka shirya. Stephen LaBerge a Stanford ta Amurka shi ma ya yi irin wannan, ya wallafa a 1981.

Na baya-bayan nan ya fi ban mamaki. A 2021 ɗakunan bincike huɗu, a Amurka da Jamus da Faransa da Holan, suka yi aiki da mutum 36, suna yi musu tambaya suna barci. An tambayi wani: takwas a cire shida nawa ne? Ya amsa da juya ido sau biyu. Mafi yawan tambayoyin shiru aka ji, amma an samu amsoshi daidai daga masu barci.

Mai_Tantama: To, na ji wannan, kuma na gode. Amma ganewa daban, juya mafarki daban. Masu cewa suna tashi sama ko su kira duk wanda suke so, wace na'ura ce ta ga wannan?

Bintalo: Nan kam kana da gaskiya Malam, kuma ya kamata Sabon_Hannu ya ji shi da wuri. Sani ba iko ba ne. Sau da yawa ina gane mafarki nake, amma in na ce ƙofa ta buɗe sai ta ƙi. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sarrafa kanka: ka tsaya, ka juya, ka taɓa bango, ka zaɓi inda za ka bi. Sauya duniyar gaba ɗaya wannan sai wanda ya daɗe, kuma shi ma ba kullum ba.

Gwanin_Dare: Ku bar wahalar da yaro da littafi. Hanya mafi sauri ita ce gwajin yatsu. Duk bayan ɗan lokaci da rana ka kalli hannunka ka ƙirga. In ya zame maka jiki za ka yi a mafarki, sai ka ga shida ko huɗu ko sun lanƙwashe. Shi ke nan ka gane.

Hassy_22: Yaya Gwani ni na daɗe ina ƙirga yatsu ban ga komai ba. Har na taɓa ƙirgawa a mafarki na samu biyar cif, na ci gaba da harkata.

Bintalo: Hassy, gwada na hanci. Ki toshe hancinki da yatsu biyu, ki rufe baki, ki ja numfashi. A farke iska ba za ta shiga ba. A mafarki za ta shiga, saboda hancinki na gaske yana can a buɗe kan matashi. Ranar da na fara jin iska ta ratsa toshasshen hanci sai da tsigar jikina ta tashi. Akwai kuma na rubutu: ki karanta wani abu, ki kau da kai, ki sake dubawa. A mafarki haruffa ba su cika zama wuri ɗaya ba.

Dan_Nazari: Ƙari kan maganar Bintalo. Wanda ya tsara wannan gwajin tun farko, Bajamushe Paul Tholey, ba motsin hannu ya fi damuwa da shi ba, tambayar ce. Idan kika ƙirga yatsu alhali kin riga kin yanke a ranki cewa a farke kike, a mafarki ma haka za ki yi, ki wuce. Sai kin tsaya da gaske kin ce: ta yaya na zo nan? Me nake yi minti goma da suka wuce? A mafarki ba a cika samun amsar wannan ba, mutum yakan tsinci kansa a wuri ne kawai. Amma in faɗi gaskiya, bincike bai nuna gwajin rana shi kaɗai yana da wani ƙarfi sosai ba.

Gwanin_Dare: Ni dai ya yi mini aiki.

Ummu_Safiyya: Ba wanda ya ce bai yi maka ba, Gwani. Amma kai kana tuna mafarkinka tun asali, shi kuwa ya ce ba ya tunawa. Kuma littafin ne zai gaya masa lokacin da ya dace ya yi gwajin. Ni duk sanda na hau matakala da rana sai na tambayi kaina, saboda na san ita ce take yawan zuwa mini.

Sabon_Hannu: Ina biye da ku. Malam Dan_Nazari, in gwajin rana ba shi da ƙarfi, me ke da ƙarfi?

Dan_Nazari: Haɗa abu biyu: lokaci da niyya. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, matakin mafarki gajere ne. Can wajen asuba sai ya riƙa tsawo. Don haka ana sa ƙararrawa bayan awa 5 da kwanciya, a tashi na ɗan lokaci, a koma. Kana komawa kusan kai tsaye kake faɗawa cikin mafarki, ga ƙwaƙwalwa ta ɗan wartsake.

Niyyar kuma dabarar LaBerge ce, wadda ake kira MILD. Ka tuno mafarkin da ka farka daga cikinsa, ka nemo abin da bai yi daidai ba a ciki, sai ka riƙa faɗa a zuci: in na sake yin mafarki zan tuna cewa mafarki nake yi. Kana faɗa kana hango kanka ka koma wurin, ka ga abin, ka gane. Ba maimaici irin na aku ba, sai kana nufin abin da kake faɗa. Ƙwaƙwalwar da kake amfani da ita ka ce "in na ga wane zan ba shi saƙo", ita ce dai take aiki a nan.

Denholm Aspy na jami'ar Adelaide a Ostireliya ya gwada wannan a 2017 da mutum 169. Waɗanda suka haɗa gwajin rana da tashin dare da niyya sun dace a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen da suka gwada, cikin mako guda. Waɗanda barci ya ɗauke su cikin minti 5 da gama niyyar kuwa, sun kai kusan kashi 46. Darasin shi ne kada ka wartsake da yawa har barci ya gudu.

Nas_Mai_Dare: A nan zan sa baki, don aikin dare ya koya mini darajar barci. Babba yana bukatar awa 7 zuwa 9. Duk wanda zai riƙa katse barcinsa kullum saboda mafarki, zai biya da rana: ciwon kai, saurin fushi, mantuwa, gyangyaɗi a kan hanya. In za ka yi, ka zaɓi daren da ba ka da sammako washegari, ka kwanta da wuri, kuma kada ya wuce sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda dama yake fama da rashin barci, wannan dabarar ba tasa ba ce. Haka wanda yake da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa ya ji kamar duniya ba gaske ba ce, ko yake jin muryoyi. Yini kana tambayar kanka "a farke nake?" ba alheri ba ne gare shi, ya fara ganin likitansa.

Gwanin_Dare: Hajiya kina tsorata shi.

Nas_Mai_Dare: Shi ya tambaya ko yana taɓa lafiya. Mafarkin kansa ban ga matsalarsa ga mai lafiya ba, hanyar nemansa ce take iya cutarwa.

Zee_Baby: Ni tsorona dannau ne wallahi. An ce masu wannan abin shi yake kama su. Na taɓa yi, ina ji ina gani na kasa ɗaga ko yatsa, ƙirjina kamar an ɗora dutse, kuma na rantse akwai mutum tsaye bakin ƙofa. Ba zan nemi abin da zai dawo mini da shi ba.

Nas_Mai_Dare: Sannu Zee, abin akwai firgitarwa. Kin tuna abin da Dan_Nazari ya ce a sama, cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaure gaɓoɓi lokacin mafarki? Dannau shi ne hankali ya riga jiki farkawa. Ɗaurin bai saki ba, ragowar mafarki kuma tana zuba cikin ɗakin, shi ne mutumin da kika gani. Numfashinki yana tafiya, ba zai tsaya ba, kuma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Ƙarancin barci, kwanciya ba kan lokaci ba, damuwa, da kwanciya rigingine suna ƙara shi. In ya zo kada ki yi kokawa da shi, ki mai da hankali kan fitar da numfashi a hankali, ki motsa ɗan yatsan ƙafa.

Bintalo: Kuma an fi haɗuwa da shi a wata dabara daban, wadda mutum yake kwanciya shiru yana riƙe da hankalinsa har jiki ya yi barci. Sabon shiga ya bar wannan tukuna. Littafi da niyya ba ruwansu da wannan dabarar.

Zee_Baby: Na gode Anti. Duk da haka ni dai 'yar kallo ce.

Abu_Yasir: Ni tambayata daban ce. Ina amfaninsa? Mutum ya yini yana fama, dare ma ba zai bar ƙwaƙwalwa ta huta ba?

Maman_Biyu: Malam Abu_Yasir, bari in gaya maka nawa. Bayan wani hatsarin mota da na tsallake, na daɗe ina mafarki guda: ina cikin mota tana gangarawa, ina taka birki ba ya ci. In farka jiƙe da gumi, har na koma tsoron kwanciya. Da na fara rubutawa sai na ga kullum birkin ne. Na riƙa gaya wa kaina kafin barci, in birki ya ƙi ci to mafarki ne. Wani dare ƙafata tana kan birkin, ya nutse har ƙasa ba komai, sai maganar ta dawo mini. Ban tsayar da motar ba. Hannuna kawai na ɗauke daga sitiyari na duba ta taga, na ga bishiyoyi suna wucewa a hankali, tsoron ya sauka. Mafarkin yana zuwa har yanzu wani lokaci, amma ba ya tashina da kuka. A wurina wannan kaɗai ya isa amfani.

Abu_Yasir: Allah Ya ƙara kiyayewa Maman Biyu. Wannan kam dalili ne.

Dan_Nazari: Amin. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ma a 2018 ta sa shi cikin hanyoyin da za a iya amfani da su ga masu fama da munanan mafarkai, ko da yake akwai wadda ta fi shi ƙarfin hujja, wato mutum ya sake tsara labarin mafarkin a farke ya riƙa bitarsa. In abin ya samo asali daga tashin hankali mai tsanani, a haɗa da likita. Game da hutu kuma, Malam Abu_Yasir, ganewar takan ɗauki ɗan lokaci ne a cikin dare guda, sauran barcin yana nan yadda yake.

Kwamfuta_Boy: Akwai manhajoji da wani abin rufe ido mai walƙiya da ake sayarwa. Har da ƙwaya ma na ga ana talla. Wa ya gwada?

Nas_Mai_Dare: Ƙwayar da aka fi ambata galantamine ce, maganin masu cutar mantuwa ta Alzheimer. An yi bincike a kanta a 2018 an ga tana ƙara yawan irin wannan mafarki, amma magani ne mai illoli, tashin zuciya, jiri, kuma yana iya taɓa bugun zuciya. Kada kowa ya sha don mafarki.

Gwanin_Dare: Abin rufe idon ni tashina yake yi kawai. A nan na yarda da Hajiya.

Hassy_22: Mu koma kan tambayar farko don Allah. Shi fa ya ce da ya gane sai ya farka. Ni ma in na dace haka zai faru ke nan?

Bintalo: Kusan kowa haka yake farawa, zumuɗi ne yake fizgo mutum. In kin gane, kada ki yi ihu, kada ki ruga. Ki murza tafin hannuwanki ki ji ɗuminsu, ki shafa bango ko ƙasa, ki kalli abu ɗaya da kyau. In kin ga hoton ya fara dishi-dishi, ki juya jikinki kamar mai katantanwa, LaBerge ne ya ba da wannan shawarar. Kuma ki shirya abu ɗaya ƙarami tun da rana da za ki yi, misali ki buɗe wata ƙofa ki ga me ke ciki. In ba shiri, tsayawa za ki yi kina raba ido har ya watse.

Ummu_Safiyya: A ƙara da wannan: wani lokaci za ka ga ka farka, ka tashi, har ka ɗauki littafin kana rubutu, ashe duk mafarki ne. Don haka duk farkawa ka toshe hanci ka gwada kafin ka sauko daga gado. Mutane da yawa ta nan suke samun na farkonsu.

Mai_Tantama: Har yanzu ina ganin kamar baiwa ce, wasu suna da ita wasu babu. Masu iyawa suna ba da shawara ne kan abin da dama yake zuwar musu.

Dan_Nazari: Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekara 50 ya nuna kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yi ko sau ɗaya, kusan kashi 23 kuma suna yi duk wata ko fiye. To ka ga mutane sun bambanta. Amma a binciken Aspy, abin da ya fi nuna wanda zai dace har da yawan tuna mafarki, kuma wannan ana iya ƙara shi.

Mai_Tantama: Ana iya ƙara shi, amma ba a ce kowa zai kai ba.

Dan_Nazari: Ba a ce ba.

Sabon_Hannu: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Zan fara da littafi da gwajin hanci, in bar ƙararrawa sai na fara tuna mafarki sosai. Tambaya ta ƙarshe Anti Ummu_Safiyya: rubutu cikin duhu yana ba ni wuya. In ɗauki murya a waya ya halatta?

Ummu_Safiyya: Ni ban so, hasken waya yana korar barci, kuma da ka ga saƙo ɗaya mafarkin ya tafi. Ka rubuta kalma uku ko huɗu cikin duhun, ko a karkace ne, da safe ka cike.

Kwamfuta_Boy: Ni da murya nake yi kuma lafiya lau. Ka kashe data, ka rage haske, ka sa maɓallin ɗauka a fuskar farko. Matsalar kawai sai ka zauna ka saurara daga baya, in ba haka ba ba za ka ga alamomin da suke maimaituwa ba.

Gwanin_Dare: Kuma ka ƙirga yatsun ma, ba abin da zai rage maka.

Hassy_22: Anti Bintalo, na hancin sau nawa kike yi a rana? Kuma a cikin mutane fa, yaya kike yi?